Kamarar Abraham

An sauko daga sallar Juma'a ke nan. Sufeto Na Allah bai ko gama sa takalmi a ƙofar masallacin Tasawa ba, wani ɗan sanda ya ratso jama'a ya raɗa masa cewa an tsinci gawa a bayan gidan waya.

"Ta wa?"

"Ta Abraham, mai ɗaukar hoton tele."

Shekarar 1984 ce, damina ta yi rowa, hatsi ya ƙone a tsaye, sojoji kuma ke mulki. A irin wannan lokaci in aka ce ɗan jarida ya mutu, mai hankali ba ya gaggawar tambayar wanda ya kashe shi, don tsoron kada a ba shi amsa.

Ofishin Abraham ɗaki ɗaya ne da gidan talabijin na Yamai ya kama masa haya. Yana kwance rub da ciki, ƙeyarsa a fashe, fuskarsa a kumbure. Wanda ya yi wannan aiki ya san Abraham Kirista ne, ya san kuma in an tafi masallaci shi kaɗai ake bari a layin. A bakin ƙofa kwanon tuwo ne a kife, inda ya kuɓuce wa matarsa sa'ad da ta leƙa.

Agogonsa na hannunsa. Rediyo na kan tebur. Kamarar ma tana nan, bakinta a buɗe, babu kaset a ciki. Amma an zazzage kowace durowa, har kujera an farke. Ba sata aka zo yi ba, wani abu ɗaya aka zo nema.

A ƙarƙashin tebur Na Allah ya tsinci basilla, irin wadda ake ɗinke bakin buhu da ita, da guntun zare a hancinta. Ya naɗe ta a hankici. Ya rufe bakin kamarar, ya saɓa ta ya fito.

A waje ya tarar da soja biyu suna jiran sa, suka wuce da shi ofishin Kapitan.

Kapitan Halilu shi ne sojan da aka ɗora wa rabon abincin taimako a ƙasar Tasawa da Mayahi. Bai ce Na Allah ya zauna ba.

"Ranar Laraba mamacin ya ɗauki rabon da muka yi a garin Sarkin Hausa," in ji shi. "Ina son kaset ɗin bisa teburina ran Litinin ƙarfe takwas. Ba Yamai ba, ba hannun shugabanka ba. Hannuna."

"In ba a same shi ba, mon kapitan?"

"Sai ka taho da tabarmarka da butarka."

Kowa a Tasawa ya san ma'anar wannan. Wata biyu da suka wuce an gaya wa wani shugaban makaranta haka, har yau iyalinsa na kai abinci ƙofar bariki ana karɓa, ba su sake ganin sa ba. Na Allah yana da 'ya'ya biyar. Ya sara, ya fito. Abin da ya fi razana shi, bai sani ba ko mai neman kaset ɗin shi ne mai kisan.

Asabar da safe ya je gidan mamacin. Matan coci sun cika tsakar gida suna waƙa ƙasa-ƙasa. Alheri, matar Abraham, ta fito zaure da 'yarta Jumma a goye.

"Madam, Allah ya ba da haƙuri. In maigidanki ya ɗauki hoto, ina yake kai kaset?"

"Yamai shika aikawa."

"Yaushe?"

"Kowace Alhamis, a motar tasha."

Ta faɗa da sauri, idonta a ƙasa. Na Allah ya yi godiya, ya zarce tasha. Ɗan kamasho ya yi dariya da ya ji tambayar, ya kira shi Mushe, yadda ake kiran ma'aikacin gwamnati da Faransanci.

"Abraham? Mushe, rabon da shi ba mu saƙo tun farkon damina. Har tsiya nike yi mashi, in ce ko tele ta mutu ne."

Sai a lokacin Na Allah ya tuna wani abu. Shi ma yakan je gidan samariya kallon talabijin ɗin gari, kuma rabonsa da ganin shirin karkara, wanda ake nuna hotunan Abraham a ciki, an yi watanni. Kowa ya lura, kowa ya ɗauka sojoji ne suka hana, don haka ba wanda ya tambaya.

Ya koma gidan makokin.

"Madam, ƙarya kika yi mani. Ran Litinin in ban kai kaset ɗin nan ba, ɗiyana ma sun zama marayu kamar Jumma. Don Allah."

Alheri ta juya. Ta shiga ɗaki, ta fito da wata wasiƙa da ta ciro daga cikin Littafi Mai Tsarki.

Daga gidan talabijin take, da Faransanci, wata huɗu ke nan. Saboda tsuke bakin aljihu an soke shirin karkara. Labaran Hausa an mai da su sau biyu a mako. An tsayar da man motar wakilan jihohi. Duk kaset ɗin da ke hannunsu su mayar Yamai, a goge a sake amfani da su a can. Abraham ya zauna ya jira umarni.

Na Allah ya karanta sau biyu.

"To mi yake ɗauka duk watannin ga?"

"Ba komi. Wofi take."

"Wofi?"

"Ya sa na yi alkawali ba ni hwaɗa ma kowa." Hawaye suka zubo mata. "Da takardar ta zo, ya tahi wurin rabo hannu sake. Ya komo ya kasa cin tuwo. Ya ce masu awo na zurma hannu cikin tiya, su shahe bakinta, mace mai ɗiya shida ta tashi da abin da bai kai kwana biyu ba. Wanshekare sai ya saɓi kamara hakanan. Ya ce yana ɗaga ta, tiya ta yi tozo. Tun ran nan bai sake hwashin rabo ba."

Na Allah ya jingina da bangon zaure. Tausayi ya kama shi, tsoro kuma ya danne tausayin. Babu kaset. Ba a taɓa yin sa ba. Jibi zai tsaya gaban mutumin da ke ɓatar da mutane, ya gaya masa cewa wata huɗu yana gyara hula yana zuba jawabi gaban kamarar da ba komai a cikinta.

Tunda an hana Abraham mai, a babbar motar hatsi yake bin masu rabo. Lahadi da safe Na Allah ya sami direbanta, wani mai suna Bature, a ƙarƙashin motar yana ɗaure wani abu da ba ya bukatar ɗauri.

"Fito. Mi ya faru Sarkin Hausa ran Laraba?"

"Wallahi, Mushe, barci nike cikin mota."

"Tun safe har la'asar?"

"Zazzaɓi gare ni."

Na Allah ya warware hankici, ya nuna masa basillar. Bature ya dube ta, ya dubi hanya, ya sake dubanta.

"Kapitan ya ba ni zuwa gobe," in ji Na Allah. "In zan tafi bariki, ba ni tafiya ni kaɗai. Kai ka kai shi, kai ka maido shi."

Nan take zazzaɓi ya sauka.

"Bayan lakkwal ne, makarantar boko, Mushe. Ana can ana rabo gaba, Attahiru mai tsaron magaza, ɗakin ajiyar hatsi na Mayahi, na baya yana loda buhuhuwa bisa amalanken wani ɗan kasuwa. Abraham ya zagayo da kamara a kahwaɗa. Bai ce komi ba, ya dai saita ta bisa gare shi, ya daɗe tsaye."

"Sai me?"

"Attahiru ya sa aka sauke buhuhuwan. Ran Alhamis ya tare ni, ya ce ina ofishin Abraham yake a Tasawa." Ya nuna basillar da haɓa. "Irin wagga shika sokewa a hula. Ka rufa mani asiri."

Da hantsi Na Allah ya hau babur ya nufi Mayahi. Ƙauyukan hanya rabi a kulle, rumbuna a buɗe, ƙasusuwan shanu a bakin busassun tabkuna. Bai tsaya ko'ina ba.

Attahiru dattijo ne mai fara'a, mai tsabtar riga. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin ajiyar hatsi, ya sa aka kawo ruwa.

"Ina ka yi Juma'a shekaranjiya?"

"Nan Mayahi, sahun gaba."

"Wa ke gefenka?"

"Mutum na gaban Ubangiji, Mushe, ina shi ina duban gefe?"

"Ka san Abraham?"

"Sama-sama. Allah sarki, mutumin kirki."

Na Allah ya dubi hularsa. Gefenta ya yi huji-huji, amma babu basilla. Ya dubi hannunsa na dama, gaɓoɓin yatsun a ɗaye. Duk da haka ya san bai riƙe komai ba. Kowane mai tsaron hatsi yana da basilla, kowane mai ɗaukar buhu yana da ƙujewa, Bature kuwa gaban soja zai iya cewa bai ma taɓa zuwa Sarkin Hausa ba.

"Gobe ƙarfe takwas ka zo ofishin Kapitan," ya ce. "Shaida kawai za ka ba da kan yadda rabo ya gudana."

Litinin da safe matar Na Allah ta ɗaura masa tabarma da buta a bayan babur, bai hana ta ba. Ya shiga ofishin da kamara a kafaɗa, bakinta a rufe. Attahiru na zaune a benci. Soja biyu a ƙofa.

"Kaset," in ji Kapitan.

Na Allah ya aje kamarar a tebur.

"Yana cikinta, mon kapitan. Wanda ya kashe shi jahili ne, bai iya buɗe ta ba, ya tsaya birkita ɗaki. Jiya na kai aka haska mani. Akwai amalanke bayan lakkwal, akwai mai lodi, fuskarsa tar." Ya juya a hankali ya dubi benci.

Attahiru ya zabura tsaye.

"Ƙarya ne! Ba komi cikinta, wofi take!"



"Wa ya gaya maka wofi take?" in ji Na Allah. "Ni na rufe bakinta da hannuna ran Juma'a, kafin jama'a su shiga."

Na Allah ya warware hankici, ya aje basillar kusa da kamara. Dattijon ya kai hannu hularsa bai sani ba, sai ya zube ƙasa.

"Ban tahi kashe shi ba," ya ce. "Roƙo na tahi. Na san abin da aka yi ma wanda aka kama da hatsin taimako. Na ce in duniya ta gan ni cikin tele, na mutu, ɗiyana ba su sake ɗaga kai. Na durƙusa mashi, na ce shi ba ni kaset ɗin. Ya ƙi. Na buɗe kamara, ba shi. Na doke shi don shi hwaɗi inda ya ɓoye, ya hwaɗi bisa bakin tebur."

Kapitan ko kallon sa bai yi ba. Idonsa na kan Na Allah.

"Na ji wanda ya kashe. Ina kaset ɗina?"

Abin da Na Allah ya kwana uku yana jin tsoro ya iso. Ya zaro wasiƙar, ya miƙa.

Kapitan ya karanta a tsaye. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Na Allah ya ga gumi na bin wuyansa, sai ya gane abin da bai taɓa kawowa a ransa ba: shi ma Kapitan tsoro yake ji, kada Yamai ta ga sata a yankinsa kafin shi ya gani.

"Wata huɗu?"

"Wata huɗu, mon kapitan. An janye kaset ɗinsa duka. Yana ɗaga ta ne don a cika wa mutane tiya."

Kapitan ya zauna. Ya ninke wasiƙar ya sa a aljihu.

"Maganar jawabaina ba ta fita ɗakin nan. Ka gama aikinka, Sufeto. Tafi gida."

Na Allah ya sara. Ya ciro ankwa ya sunkuya kan Attahiru, ya tarar dattijon ya ƙura wa kamarar ido.

"Babu kaset?" in ji Attahiru a hankali. "Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya. Ba wanda zai taɓa ganin ka."

"Ya hwaɗa mani." Attahiru ya miƙa hannuwansa da kansa. "Ya ce, Baba Attahiru, wallahi wofi take, tahi gida, ka dai bar taɓa hatsin mutane. Sau uku ya hwaɗa mani. Ina dukan shi yana hwaɗi."

Ankwa ta rufe. Sojoji suka ɗaga shi suka yi waje da shi, har suka kai mota yana gaya musu cewa sau uku ne.