Idon da Ya Shiga Ba Sallama

Ku matso. Kai Basiru, kife wayar nan, haskenta na kashe min ido. In kuma ka san fitsarin kwance za ka yi mana, tashi tun yanzu ka tafi wajen Gwaggo.

To.

Kun san Lurwanu mai hoto ai, wanda ke zama a bakin tasha da tafin hannu a kan ido ɗaya. Da ba haka yake ba. Da shi ne mai ɗan jirgin nan da ke tashi sama da kyamara, wanda samari ke ce wa diron. In ana biki sai ka ji abin yana ƙugi a saman kanka kamar taron zuma. Lurwanu kuwa yana can gefe, ya ɗaura wani baƙin gilashi a fuska, rimot a hannu. Duk inda jirgin ya shiga, idonsa na can. Gangar jikinsa kawai ke tare da mutane.

Kuma shi kaɗai ne, bawan Allah. Tun da Innarsa ta rasu 'yan'uwa suka watse, wannan Legas, wancan Agadas, aka bar shi a ɗaki ɗaya a bayan tasha. Ya wuni yana ɗaukar bikin mutane, ya dawo ya sayi shinkafa da wake a leda, ya ci yana kallon bango. Ba mai ce masa sannu da zuwa. Abin na cinsa ƙwarai, amma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ranar da ba biki sai ya tafi yawon gadoji. Jarabarsa ke nan. Ya cusa jirgin ta ƙarƙashin gada, ya bi da shi ta kwalbati, ya ɓullo ta wancan gefe, ya sa hoton a waya mutanen da bai sani ba su yaba masa.

Akwai tsohuwar gadar jirgin ƙasa a Kwanar Ɓaure. A gindinta akwai wani dogon rami da aka gina da dutse tun zamanin Turawa don ruwa ya riƙa wucewa. Bakinsa kamar ƙofar zaure. Ko makiyaya ba sa bi ta nan da shanu. Lurwanu ya ce shi sai ya ga ƙarshensa.

Bazara ce. Rana ta take tsaka. Rafin ya ƙafe ƙayau, yashi na ƙona ƙafa. Ba tsuntsu, ba iska.

Ya kafe babur ɗinsa, ya buɗe jaka. Sai ya ga wani tsoho zaune a kan dutse dab da bakin ramin. Farar riga, ba hula. Lurwanu bai ga zuwansa ba. Ya ɗan ɗaga masa hannu kawai, ya ci gaba da sa batir.

Tsohon ya ce, "Samari, rana ta yi. Mutane na cin abinci."

Lurwanu ya waiga hagu, ya waiga dama. Daji ne fetal.

"Waɗanne mutane, Baba?"



A nan Lurwanu ya lura da ƙafafun tsohon. A jiƙe suke sharkaf. Ruwa na ɗiga daga yatsun, ɗis, ɗis, a kan yashin da rabonsa da ruwa tun kaka.  Amma kun san taurin kan samari. Ya ce a ransa, ƙila alwala ya yi. Bai tambayi kansa ina butar take ba.

Innarsa kuwa, Allah ya jiƙanta, ko ɗakin da ba kowa za ta shiga sai ta yi sallama. Ko rumbu za ta leƙa sai ta yi. Takan ce masa, "Lurwanu, duk inda ka ga ƙofa, akwai mai ita." Da ƙafa zai shiga ramin nan, wallahi da ya yi sallama, don an hore shi. Amma ai ba shi zai shiga ba, jirgi ne. Wa ke yi wa jirgi sallama?

Ya ɗaura gilashi. Jirgi ya tashi, ya kutsa.

Duhu. Bangon dutse. Jemagu a rataye. Ya ci gaba. Ramin da ya kamata ya ƙare tun tuni, ya ƙi ƙarewa. Sai ga haske can gaba, ja-ja, irin na murhu. Ya karya kwana.

Tsakar gida ce.

Tsakar gida sosai, a share tas. Ga turmi a kife, ga igiyar shanya. Wata mata na kwashe tuwo, tana tsoma mara a ruwa kafin kowace kwasa. Ga yara sun kewaye akushi ɗaya, suna ture hannun juna. Wata tsohuwa na cire wa jikanta ƙaya daga kifi tana sa masa a baki. Matan ba lulluɓi, ba ɗankwali, don a cikin gidansu suke.

Ya kamata ya juya. Kowane ɗan halak ya san haka. Namiji baligi, a tsakiyar matan mutane! Amma hannunsa ya ƙi. Ya tsayar da jirgin a sama yana kallo. Yana kallon yadda ƙaramin cikin yaran ke lashe yatsa. Hawaye na taruwa masa a cikin gilashin.

Sai mai kwashe tuwon ta ɗaga kai. Ta dube shi. Ba jirgin ba, shi. Ta ja zane ta rufe kanta.

Ƙugin jirgin ya ɗauke ɗif.

Lurwanu ya fizge gilashin daga fuskarsa. Inna lillahi! Bai ga yashi ba, bai ga babur ba, bai ga rana ba, alhali yana jin zafinta a ƙeyarsa. Tsakar gidan nan yake gani har yanzu. Ya murza ido. Ita ce. Ya rufe, ya buɗe. Ita ce dai.

"Ka shiga gidana."

Muryar tsohon ce. Numfashinsa na nan kusa da kunnen Lurwanu, da sanyi kamar bakin randa. Amma maganar daga can cikin ramin take fitowa.

"Baba, ban shiga ba. Ga ni nan a waje. Jirgi ne."

"Jirgi ne ya ga iyalina?"

Tsohon ya sake jefo tambaya.

"Ka yi sallama?"

"Ban yi ba."

"To. Abin da ya shiga ba sallama, ba ya fita. Idanunka sun zama na gidan."

Lurwanu ya zube a kan yashi mai zafi. Yana lalube, hannunsa ya faɗa cikin ɗan ruwa mai sanyi, ya janye da sauri.

"Baba, don girman Allah. Ka riƙe jirgin, ka riƙe komai. Da idon nan nake ci. In na makance ba ni da mai ja min sanda. Wallahi ba ni da kowa."

Ruwan ƙafar tsohon na ta ɗiga. Ɗis. Ɗis.

"Masu leƙe da yawa sun zo," in ji shi. "Da sun hango mu suke arcewa. Kai me ya tsayar da kai?"

Lurwanu ya rasa ƙaryar da zai yi. Ya ce, "Na ga ana ci a kwano ɗaya."

"Kai da wa kake ci?"

"Ni kaɗai."

"Kullum?"

"Kullum, Baba."

Ya ji tsohon ya yi ajiyar zuciya, ramin duka ya amsa. Sai wani yatsa mai sanyi ya taɓa masa idon dama.

"Wannan na mayar maka, ka nemi abinci. Na hagun ya zauna. Laifi ne, sai an biya." Muryar ta yi ƙasa. "Zan ce su riƙa lulluɓi. In an sa abinci, kana iya zama."

Rana ta faɗo masa a idon dama kamar an watsa barkono. Ga yashi, ga babur, ga jaka a buɗe. Ba tsoho. Sai sawun ƙafa a jiƙe, sun nufi cikin ramin, suna bushewa ɗaya bayan ɗaya yana kallo.

Ko jakar bai ɗauka ba.

An kai shi asibiti, likita ya haska idon hagun ya ce lafiyarsa ƙalau. An yi rubutu, an yi hayaƙi. A banza. In ya buɗe duka biyun, sai garinmu da gidan can su haɗu su cakuɗe, jiri ya kwashe shi. Dole ya rufe ɗaya. Da farko na hagun yake ɗaurewa da ƙyalle, ya yi 'yan aikace-aikacensa, har ya koma ɗaukar hoton fasfo a bakin tasha.

Amma ku lura da shi gobe in an aike ku. Ku duba wane ido yake rufewa.

Na daman ne. Mai ganin mu.

Da azahar yakan sayi shinkafarsa a leda, ya koma gindin bango, ya ɗan matsa gefe kamar mai ba wani wuri. Ya sa tafin hannu ya rufe idon dama. Sai ka ga yana ci yana murmushi. Wani lokaci har ya miƙa loma gaba, ya tuna, ya dawo da ita. Da a lokacin cin abinci kawai yake yi. Yanzu sai ya wuni a haka, mai son hoto ya yi ta sallama har ya gaji ya tafi.

Ni dai na gaya muku, kada wanda ya kuskura ya bi ta Kwanar Ɓaure shi kaɗai, ko da rana tsaka. Kuma duk ramin da kuka gani, ko da ido za ku leƙa, ku yi sallama.

In kuwa kun wuce Lurwanu a bakin tasha, ku zauna ku ci da shi, ko loma ɗaya ce. Har yanzu in an zauna kusa da shi yakan sauke hannun. Jiya na je da ƙosai, sai da na kira sunansa na sake kira kafin ya sauke.