Kiɗan da Ya Shiga Ɗaki Ba Waya

Mahmudu ne ya yi mata ƙazafi. Mahmudu ɗan ƙanin ubanta, wanda suka tashi gida ɗaya, shi ya tsaya a ƙofar masallacin unguwa bayan La'asar ya ce ɗan mahauta ya shiga har ɗakin Ramatu. Kada wani ya zo yana cewa wai mutane ne suka faɗa. Ba mutane ba ne. Shi ne!

Washegari da hantsi Ramatu na durƙushe a tsakar gida, mayafinta ya jiƙe da hawaye.

"Baba, wallahi bai shigo ba..."

"Rufe min baki!"

Alhaji Adamu ko rigar tafiya bai cire ba. Saukarsa ke nan daga Maruwa, Mahmudu ya tare shi tun a tasha ya cika masa kunne.

"Na bar yaro ya gyara min garmaho a falo, sai in dawo in ji kiɗa na tashi a ɗakinki? A ɗakin uwarki? Har madafi?"

"Baba, ka bari in yi maka bayani..."

"Bayanin me? Tun ba a haife ki ba nake da lasifika. Ba waya, ba sauti! In an ji kiɗa a ɗakinki, an ja waya. In an ja waya, namiji ya shiga. Yau zan aika wa ubansa Mahamman, kada su kawo min goron neman aure."

Mahmudu na tsaye a gefe ya sunkuyar da kai, wai shi abin ya dame shi. Munafuki.

Ga yadda abin ya faro.

Hajiya Kaltumi, uwar Ramatu, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita tun damina. Ƙafa ba ta takawa, harshe ya yi nauyi. Da tana lafiya, duk yammacin Juma'a takan fito falon Alhaji da ke jikin zaure, ya ɗora mata faifai a garmahon da ya saya da ampili mai ƙara sauti tun shekarar aurensu. Yanzu falo na can waje, ita tana ƙuryar gida, ba abin da take ji sai kukan fanka, shi ma in akwai wuta.

Isa kuwa shagon gyaran rediyo da talabijin gare shi bayan babbar kasuwar Garwa. Yaro mai kunya, mai hannu. Laifinsa ɗaya a wurin Alhaji: ubansa Mahamman mahauci ne, su kuwa jikokin fatake ne. Da ƙyar aka bar shi yana zuwa zance a zaure.

A zauren nan Ramatu ta kawo masa maganar.

"Isa, ba yadda za a yi Inna ta ji faifanta tana kwance?"

"Sai a ja waya daga falo."

"Wa zai ja? Kai? Ta tsakar gidan Baba?"

Ya dafe ƙirji.

"Rufa min asiri, gimbiya! Gidanmu ake yanka, ba na so a fara da ni."

Ta tuntsire da dariya, ta toshe baki da mayafi.

"To shi ke nan, ba hanya?"

"Akwai. Amma ke za ki zama ƙafata. Ni iyakata labulen nan."

Kafin Alhaji ya yi tafiya ta roƙe shi a gyara garmahon. Ya ce falo kawai. Isa ya zo da jakarsa ya zauna a falo, ya sake allura, ya sa sabuwar robar da ke juya faifai. Da ya haɗa garmaho da ampili sai wani gurnani ya tashi kamar na tsohon injin niƙa.

"Ka ɓata wa Baba kaya!" in ji Ramatu daga bayan labule.

"Ki yi haƙuri da ni mana, rabin raina..."

Ya lalubo wata siririyar waya da ke reto, ya ɗaure ta a kan ƙusar bayan ampili. Gurnani ya ɗauke ɗif. Sannan ya je inda a da ake haɗa na'urar kaset, ya soka igiya biyu, ja da fara, ya kai su jikin wani ɗan akwati da bai fi sabulun wanki ba. Shi ne zai ɗauki sautin ya watsa ta wifin gidan.

Ƙananan lasifikoki uku marasa waya da ya zo da su kuwa, ta ƙarƙashin labule ya turo su, ɗaya bayan ɗaya. Ramatu ce ta kai ɗakin Inna, ta kai nata, ta kai madafi. Ta dawo da salula a hannu, shi yana karanto mata daga can.

"Kin ga sun fito a salular?"

"Na gani."

"Haɗa su wuri ɗaya, ki danna."

"Na danna... Ba komai, Isa."

"Don ban ɗora faifai ba tukuna, sarauniyar gaggawa!"

Ya ɗora. Allura ta yi ɗan ƙaras-ƙaras, sai ga kalangu ya ɓarke a ɗaki uku lokaci ɗaya.

Ramatu ta ruga ɗakin Inna. Ta tarar da ita ido buɗe, hannunta mai lafiya yana buga katifa daidai da kiɗan, hawaye na bin kunnenta.

"Isa! Isa, tana ji!"

Shi yana falo, hannu biyu a sama, yana godiya ga Allah. Ko inuwarsa ba ta tsallake labule ba.

Wannan ne abin da Mahmudu ya ji ya kasa haɗiyewa. Ya daɗe yana son Ramatu, ita kuwa ta gaya masa tun tuni, "Yaya Mahmudu, kai yayana ne, a nan ka tsaya."

To, mu koma tsakar gida.

Da Ramatu ta ji maganar goro sai kukan ya tsaya mata cak. Ta share fuska ta miƙe.

"Baba, ka nemo wayar."

"Me kika ce?"

"Ka nemo ta da hannunka. In ka samu ko kamu ɗaya tsakanin falo da ɗakina, na haƙura da Isa har abada. Amma a kira shi."

Aka kira shi. Ya sauka daga mashin yana haki, ya durƙusa a zaure.

"Shigo ka nuna min aikin da ka yi," in ji Alhaji.

"Alhaji, ka gafarce ni. Ban taɓa wuce labulen nan ba, yau ma ba zan wuce ba. Zan ɗora faifai a falo. Sauran, Ramatu ta fi ni sani."

Alhaji ya tsaya yana kallonsa. Sai ya juya ya koma ciki.

Kiɗa ya tashi. Alhaji Adamu, dattijo da babbar riga, ya shiga ɗakin 'yarsa yana shafa bango. Ya ɗaga leda. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado, hularsa ta faɗi. Zafin Garwa kuwa ba ya ragawa kowa, zufa har gemu.

"A cikin bango ya binne ta, Baba," in ji Mahmudu.

"Bangon da ko farce bai karce ba?" in ji Ramatu.

Sai idon Mahmudu ya kai kan igiyar da ke soke a jikin soket. Ya yi tsalle.

"Ga ta nan! Baba, ga wayar!"

"Ta caji ce, Yaya."

Ta fizge ta, ta jefa masa a ƙafa.

Kalangu bai ko yi tuntuɓe ba.

Ta ɗauki lasifikar ta ɗora a ka kamar mai tallan fura, ta fito tsakar gida. Ta zagaya rijiya. Ta zagaya bishiyar dalbejiya. Ta je ta dire ta a kan turmi, tsakiyar rana, ba bango ba rufi, abu na ta kiɗa. Matan maƙwabta da suka taru a bakin madafi don ganin an kunyata ta, ɗaya ta rangaɗa guɗa ba ta sani ba.

Alhaji ya zo ya ɗaga lasifikar, ya juya ta, ya leƙa ƙasanta, ya wuce da hannu ta sama ko akwai zare.

"Ikon Allah..."

Sai aka ji bugun kwano daga ɗakin Hajiya. Cokali take bugawa da ƙarfi. Duk suka shiga. Tun da aka fara rigimar ba wanda ya tambaye ta, wai marar lafiya ce. Ta daɗe tana kokawa da harshenta kafin magana ta fito.

"Alhaji... namiji... ya shigo."

Ramatu ta matso bakin gadon.

Hajiya ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna Mahmudu.

"Shi. Shekaranjiya... Ya ɗauka barci nake. Ya duba nan... ya duba ɗakinta. Ya ɗaga abin... ya ga ba waya."

Kun ji! Ba kuskure ya yi ba irin na Alhaji. Ya duba, ya gani da idonsa, sannan ya tafi masallaci ya faɗi abin da ya faɗa.

Alhaji ya juyo. Mahmudu ya fara "Baba, ai ni..." sai ya ga idon, ya ja da baya, ya fice ko takalmi bai saka daidai ba.

Alhaji ya dafa kan 'yarsa.

"Uwata, na zalunce ki."

"Baba, kada ka ce haka..."

"Na ce."

Ya fita falo. Isa na durƙushe gefen garmaho, kai a ƙasa.

"Kai, ɗan Mahamman."

"Na'am, Alhaji."

"Ni da bakina na ce ka shigo, ka ƙi. Ka gaya wa ubanka ina jiransu gobe. In ba su zo ba, ni zan bi su har mahauta."

Da Alhaji ya fita, labule ya motsa kaɗan. Ido ɗaya ya leƙo, ja wur da kuka, yana dariya.

"Ka ji, Isa?"

"Na ji, amaryata... Riƙe ni, ƙafata ba ta ɗaukata!"

"In riƙe ka? Sai an shafa fatiha, malam!"

Bayan Babbar Salla aka shafa. Mahautan Garwa suka kawo naman da har maƙwabtan maƙwabta suka gaji da ci. Fataken da suka yi ta ɗaga hanci su ne suka fi kowa miƙa kwano. Ramatu ta fito cikin lalle da leshi, ta durƙusa gaban gadon Inna, Inna ta sa mata albarka da bakinta, kalma ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taya ta.

Mahmudu fa? Wai ya tafi garin Mindif sayen shanu. Wane shanu? Mutumin da bai san gaban saniya da bayanta ba!

Alhaji na cewa a bar maganar, ɗan'uwa ne, zumunci. Ba za a bari ba. Mazan da suka ji ƙazafin ba su ga abin da aka yi a tsakar gida ba, har yau akwai mai kallon yarinyar nan a kaikaice in ta wuce. Uban Mahmudu na nan da ransa, ya san inda ɗansa yake. Ya aika a taso shi. Ya zo ya tsaya gaban liman da jama'a, ya ɗaga murya yadda ya ɗaga ran nan, ya faɗi me Ramatu ta yi masa da ya nemi ya kashe mata suna!