Ɗinkin Ranar Tafiya

Kowa da abin da yake cewa sojoji na ɓoyewa a ginin nan marar taga. Wasu su ce makami, wasu zinariya. Mai gyaran takalmin bakin bariki ba ya tanka musu, tun da aka ce ɗansa ya rasu a bakin daga, ko gawa bai gani ba.

Ran nan da dare yana tattara kaya, wani soja ya fito daga ginin, ya ɗora ƙafa kan akwatinsa. Takalmin sanyi kamar ƙanƙara, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tsohon ya shafa dunduniyar, ya ji ɗinkin da ya yi wa yaron ranar tafiya.

Ya kasa ɗaga kai.

Sojan ya ce, "Baba, yi sauri. Har yanzu ba a sallame mu ba."