Kalmar da Ke Cikin Takardar Tesfalem

Wata Asabar a tsakiyar hunturu Tesfalem ya shiga wani ɗakin karatu a Winnipeg, dusar ƙanƙara na narkewa a kafaɗarsa, hannunsa riƙe da takardar da ta sha ninki. Wata bakwai ke nan da isowarsa daga Eritiriya. Aikinsa wanke motocin bas, kuma sai ya yi kwana uku bai yi doguwar magana da kowa ba.

A teburin koyar da Turanci ya tarar da Marjolaine ita kaɗai tana saƙa hula, don sanyi ya hana ɗalibai fitowa.

"Malama, wannan kalmar," ya ɗora yatsa a kan takardar da ofishin shige da fice ya aiko masa. "Claim. Sau goma sha ɗaya ta fito."

Ta matso da kujerarta. "A nan sama tana nufin ka tsaya ka nemi haƙƙinka, wato mafakar da kake nema. Ko jakarka ka je karɓa a filin jirgi, ita ce dai: ka ce wannan tawa ce."

"Nan ƙasa fa, wajen maganar ɗaurin da aka yi mini?"

"Nan tana nufin kai ka faɗa, su ba su tabbatar ba tukuna."

"Wato maƙaryaci."

"Ni ban ce haka ba."

"Ba ke ba, kalmar." Ya yi murmushi, Marjolaine ta rasa abin da ya sa ta kasa ɗauke ido daga kansa.

Ita ma tun rasuwar mahaifiyarta gidansu ya yi tsit. Daga ita sai mahaifinta Gaétan, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, suna cin abinci rediyo na yi musu hira. Asabar ta zama ranar da take jira. Hular da take saƙawa ta ƙare a kan Tesfalem.

"Malamata," ya rubuto mata wata safiya, "hularki ta yi mini yawa, amma ba zan cire ba."

"Kanka ne ƙarami, Tes. Ka zo ka ci abinci gidanmu ranar Lahadi."

Ya zo. Gaétan ya zuba masa miyar wake, ya yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda. Tesfalem na ɗaura takalmi a bakin ƙofa lokacin tafiya, ya jiyo muryar tsohon daga kicin. Bai fahimci duka ba, amma ya ji kalmar nan sarai, a ma'anarta ta ƙasan takarda: wai yana iƙirarin yana sonta, alhali takardar zama yake nema.

Asabar biyar kujerarsa ba kowa. Gaétan ya fara gayyato Réal, ɗan maƙwabcinsu, cin abinci, yana fatan ya haɗa shi da 'yarsa. Marjolaine takan gaishe shi, ta haye sama.

Daga ƙarshe ta tura wa Tesfalem saƙo: "Tes, me na yi maka? Ko kalma ɗaya ce ka turo."

Sai bayan kwana biyu amsa ta zo. "Ba ki yi komai ba, Marjolaine. Na ji abin da Baba ya ce. Ba zan nemi aurenki ba sai na tsaya da ƙafata, kar a ce da ke na hau. In suka hana ni mafaka, ki manta da ni."

Ta karanta a cikin bas, ta wuce tasharta ba ta sani ba.

A watan Afrilu aka saurari maganarsa ta neman mafaka. Ya yi awa uku yana ba da labarin da bai taɓa ba kowa ba, ya nuna tabon wuyan hannunsa. Da ya fito, sai ga ta zaune a benci.

"Wa ya gaya miki yau ne?"

"Ka manta ni na karanta maka takardar? Me suka ce?"

"Sun yarda." Ya zauna kusa da ita. "Sun yarda da ni, Marjolaine."

Ranar bai koma ɗakinsa ba sai da ya tsaya gaban Gaétan. "Baba, yanzu ba na buƙatar komai daga 'yarka sai ita kanta. Na zo neman ta."

Tsohon ya jawo masa kujera. "Na yi maka mummunan zato, ɗana. Zauna, abinci ya kusa."

An ɗaura auren a watan Yuli a wata ƙaramar coci. Ɓangaren amarya ya cika da dangi. Ɓangaren ango mutum biyu ne daga wurin aiki, sai wayar da aka jingina a kujera, mahaifiyarsa na kallo ta cikinta daga nesa tana share hawaye da gefen mayafi.

Gaétan ya kawo 'yarsa gaba, ya waiwaya ya ga kujerun. Maimakon ya koma cikin danginsa, sai ya tsallaka ya zauna kusa da wayar, ya ɗauke ta ya ɗaga sama don tsohuwar ta gani da kyau. Ta yi ta sa albarka da harshenta, shi kuma yana amsawa da amin, ko da bai ji ko kalma ɗaya ba.