Sunan da Koci Ya Soke

Wai a wata ƙasa can, an yi wani ɗan ƙwallo da ciwon gwiwa ya hana shi wasa, sai aka ba shi horar da ƙungiyar matan ƙasar.

Ranar babban wasa ya rubuta sunaye sha ɗaya, ya sa nasa a ƙasa. Sai ga shugaban wasanni da 'yarsa. Yarinyar nan fa ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa atisaye ba.

"Koci, soke suna ɗaya, ka sa na 'yata."

"Ranka ya daɗe, da guminsu suka shiga."

"Na ce soke suna ɗaya. Ga 'yar mai faskaren can."

Talatuwa ke nan, mai tsaron gida. Ta sunkuyar da kai, ta fara cire safar hannu. Ran koci ya ɓaci, don shi ma haka aka yi masa yana saurayi.

Ya karɓi biro, ya soke suna ɗaya, nasa. Ya miƙa wa shugaba usur.

Sai duk 'yan wasan suka zauna a ƙasa, ga fili ya cika maƙil. Shugaba ya busa, ya busa, ya busa, ba wadda ta motsa.

Da kansa ya mayar wa koci usur. Talatuwa ta mayar da safarta.