Rabin Bushin da Ya Faɗa Ramin Dutse

A shekarar da ake kwaso ma'aikatu daga Legas zuwa sabon babban birni, injinan huda dutse ba sa hutawa dare da rana, ni kuwa ina Karu ina sayar da kayan gyaransu. Da la'asar Dominic, mai tuƙa ɗaya daga cikinsu, ya zo neman bushin, wato zoben ƙarfen da ke riƙe sandar hudar.

"Oga Aminullahi, tsohon ya tsage, rabi ya faɗa ramin da muke hudawa. Ko hannu ba ya shiga."

Na ba shi sabo. Na tambaye shi ko sun nemi izinin dattawan ƙauyen da ke wurin kafin su taɓa dutsen, kamar yadda aka saba. Ya ce kamfani sauri yake.

Bayan isha'i ina jawo ƙofa sai ga wata tsohuwa, ba sallama, ban kuma ji takunta ba. Ta ajiye rabin bushin a teburina. Na taɓa, zafi zau.

"Ɗana, wannan ɗakina ya faɗo," ta ce, muryarta kamar ana niƙa tsakuwa. "Jikokina na kwance a ƙasa. Kada ka ba su wani."

"Iya, ai na riga na bayar."

"To je ka karɓo."

Ba mota a wannan lokaci, dutsen kuma da nisa. Na buɗe baki zan yi addu'a. Sai na ji rugugin inji, ba daga nesa ba, daga jikinta. Ta dafe kafaɗa. Tsakanin yatsunta na ga rami zagayayye, garin dutse na zubowa daga ciki, ramin yana ƙara zurfi.