Ɓarawon Da Ya Tsallake Masu Ƙyalli

Ƙarfe tara na safe Farfesa ta kira ofishin 'yan sanda. An sace mata dutse.

Sufeto ya iso ɗakin binciken yana danne dariya. Shekara ashirin yana farautar ɓarayin motoci, yau an turo shi neman tsakuwa.

"Ba tsakuwa ba ce!" in ji Farfesa. "Ruwan zafi ne ya taso daga ƙarƙashin ƙasa, ya bar zinariya a tsagar dutse, layi bisa layi. Farin layin tsakiya shi zai faɗa mana shekarun wannan jijiyar zinariya. Gobe za a tura shi awo. In babu shi, aikina na shekara shida ya bi ruwa."

Don ta nuna masa irinsa, ta ɗauki wani dutse ta lasa.

"Hajiya, ba a karya kumallo ba ne?"

"Sai ya jiƙe layukan ke fitowa. Duk 'yan sana'armu haka muke, ba ma ko sanin mun yi."

Sufeto ya dubi kantar. Duwatsu masu ƙyalli suna nan reras, mummunan kaɗai aka ɗauke. Lallai ɓarawon nan ya yi makaranta.

Mutum biyu ke shiga ɗakin. Mai shara ta rantse ta goge kantar jiya. Sufeto ya shafo ƙura da yatsa ya nuna mata, ta sunkuyar da kai. Laifinta lalaci ne kawai.

Sabon direba kuwa ya washe baki. "Yallaɓai, ni firamare na tsaya. Dutse duk dutse ne a wurina."

"Madalla. Riƙe min wannan dutsen in ɗaure takalmi."

Sufeto ya duƙa yana leƙensa ta gefen ido. Direba ya juya dutsen, ya lasa, ya ɗaga shi wajen taga.

"Da gishiri?" in ji Sufeto.

Bawan Allah ya daskare. Nan take ya amsa laifinsa: digirinsa biyu a ilimin duwatsu, wani kamfanin haƙar ma'adinai ne ya turo shi. Aka zaro dutsen da ya sace daga ƙarƙashin kujerar mota, Farfesa ta rungume abinta, har da ƙwalla don murna.

A bakin ƙofa, da ankwa a hannunsa, ya waiwayo.

"Farfesa, don Allah in sakamakon ya fito, a aiko min. Ni dai na ce shekara miliyan goma sha biyar."

"Ashirin," in ji ta. "Tafi da shi, Sufeto."